Wayar Wani Ta Samu Sabuntawa, Tawa Kuma Shiru: Tambayoyi da Amsoshi Kan Wayoyin Samsung Galaxy

Duk lokacin da Samsung ya fitar da sabuwar manhaja, ƙorafin da ake ji ɗaya ne. Wani ya samu tun makon jiya, wani kuma kullum sai ya duba, wayar tana ce masa babu sabon abu. An tattara tambayoyin da aka fi yi a nan, kuma an ɗauki Galaxy S24 da fitowar One UI 7, manhajar da Samsung ya ɗora a kan Android 15, a 2025 a matsayin misali, domin jinkirin wancan karon ya fito da kusan duk abin da ke janyo matsalar.

Ni da abokina wayarmu iri ɗaya ce, amma tasa ta samu sabuntawa, tawa ba ta samu ba. Me ya sa?

Sunan ne ɗaya, wayoyin ba lallai su zama ɗaya ba. Galaxy S24 da aka yi wa Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya lambarta SM-S921B, kuma ƙwaƙwalwarta, wato injin da ke tafiyar da wayar, Exynos 2400 ce, wadda Samsung ke ƙerawa da kansa. Wadda aka yi wa Amurka lambarta SM-S921U, ƙwaƙwalwarta kuma Snapdragon 8 Gen 3 ce ta kamfanin Qualcomm. Idan ka ajiye su kusa da juna ba za ka bambance su ba, amma manhajar wannan ba ta shiga waccan. Kowace sai an haɗa mata tata, an gwada, sannan a sake ta a ranar da ta kammala.

Ko S24 Ultra, wadda Snapdragon ce a ko'ina, an raba ta gida-gida, saboda mitocin sadarwa da tsarin sim da dokokin ƙasashe sun bambanta. Samsung kuwa yana duba asalin wayar ne kafin ya tura mata sabuntawa. Garin da kake zaune bai dame shi ba. Wayar da aka yi wa Koriya, ko shekara nawa ta yi a Kano ko Maraɗi, jadawalin Koriya take bi.

Ta yaya zan gane ƙasar da aka yi wa wayata?

Shiga Settings, ka gangara ƙasa zuwa About phone, ka duba lambar samfurin. Harafin ƙarshe shi ne abin lura. A jerin S24, B na nufin ta kasuwar duniya, U ta kamfanonin sadarwar Amurka, U1 ta Amurka wadda ba a ɗaure ta da kowane kamfani ba, W ta Kanada, N ta Koriya ta Kudu, wadda ta ƙare da sifili kuma ta Sin da Hong Kong da Taiwan. A tsofaffin wayoyi da wasu 'yan jerin A za ka ga F ko E a madadin B.

Kada ka dogara da kwali ko abin da mai shago ya faɗa. Wayar da kanta ka tambaya.

To mu biyun duk B ce, amma har yanzu ya riga ni. Wannan fa?

Nan ne lambar yanki ta shigo, wadda ake kira CSC. Haruffa uku ne da ke gaya wa Samsung kasuwar da aka sayar da wayar a cikinta. ECT ta Najeriya ce, XSG ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, KSA ta Saudiyya, INS ta Indiya, BTU ta Birtaniya, EUX ta ƙasashen Tarayyar Turai. A Amurka akwai VZW ta Verizon, ATT ta AT&T, TMB ta T-Mobile, sai XAA ta wayar da ba ta da kamfani. Za ka ga taka a About phone, cikin Software information, a layin Service provider software version.

Idan wayarka ta tuntuɓi Samsung, abu uku take gabatarwa: lambar samfuri, lambar yanki, da manhajar da ke kanta yanzu. Idan ba a buɗe wa wannan lambar yankin ƙofa ba, amsar da za ta samu ita ce babu komai. Abin da ke ba mutane haushi shi ne, sau da yawa manhajar iri ɗaya ce sak, fayil guda ne ke ɗauke da lambobin ƙasashe masu yawa, izini kawai ake jira. Saboda haka alhajin da ya sayo waya a Jidda, da ɗan kasuwar da ya ɗauko tasa a Dubai, da wanda ya saya a shagon dila a Abuja, kowa da ranarsa, ko da gida ɗaya suke kwana.

Wace hanya sabuntawar take bi kafin ta iso wayata?

Doguwa ce. Google ke rubuta Android ya saki. Masu ƙera ƙwaƙwalwar waya, wato Qualcomm da MediaTek da sashen Exynos na Samsung, su daidaita ta da kayansu. Sai Samsung ya ɗora One UI a kai, wato fuskar wayar da kyamara da duk manhajojinsa, kuma ya yi haka wa kowane samfuri daban. Daga nan a gyara ta don kowane yanki: harsuna, saitin kamfanonin sadarwa, da abin da doka ta yarda da shi. Misali, akwai ƙasashen da wayar Samsung ke iya naɗar kira, kamar Indiya, akwai waɗanda aka cire wannan. Wayoyin Koriya da Japan kuma an san su da ƙarar kyamara da ba ta kashuwa. Bayan haka Google ya tabbatar manhajar ta cika sharuɗɗansa, kamfanin sadarwa ma ya yi nasa gwajin a inda yake da ta cewa. Sai a fara saki.

Sakin ma ba lokaci guda ba ne. Ana fara ba wa ƙasa ɗaya ko biyu, a saurara a ji ko akwai matsala, sannan a faɗaɗa. Kamar uwargida ce da ke ɗanɗana miya kafin ta zuba wa mutanen gida. Koriya ta Kudu, gidan Samsung, ita ce ta fi yawan zama ta farko.

Google ya yi ƙoƙarin gajarta hanyar. A 2017, tare da Android 8, ya kawo tsarin Treble wanda ya raba Android da sashen masu ƙera ƙwaƙwalwa. A 2019, tare da Android 10, ya fara tura wasu gyare-gyare kai tsaye ba tare da bi ta hannun mai ƙera waya ba. Abin ya taimaka, amma babbar sabuntawa har gobe tana hannun Samsung.

Me ya haɗa kamfanin sadarwa da manhajar wayata?

A Amurka mafi yawan mutane daga hannun Verizon ko AT&T ko T-Mobile suke karɓar waya, suna biya wata-wata. Idan wayar ta samu matsala, kamfanin ake kira, ba Samsung ba. Shi ya sa suke dagewa sai sun gwada kowace sabuntawa: kira ta 4G, kira ta Wi-Fi, kiran gaggawa na 911, mitocin 5G, da manhajojin da suka cusa a wayar. Idan gwaji ya faɗi, a mayar wa Samsung ya gyara a sake. Kowane kamfani da saurin aikinsa, don haka masu wayar U ma ba rana ɗaya suke samu ba.

Wani abin mamaki: a shekarun baya wayar U1, wadda ba ta da kamfani, sau da yawa ita ce ke zuwa ƙarshe a Amurka, domin dole manhajarta ta yi aiki a kan layin kowa.

Ke nan MTN ko Airtel ne ke riƙe min tawa?

A'a. Mu a nan waya daban ake saye, layi daban. Wayar da ka saya a kasuwa ba ta ɗauke da manhajar MTN ko Airtel ko Glo, kuma sabuntawarta daga Samsung take zuwa. Rawar da layinka ke takawa ita ce ta data. Idan sabis ya yi rauni, saukewar ta katse, wannan matsala ce ta daban.

Me ya faru da One UI 7 har aka yi ta surutu?

Google ya saki Android 15 a watan Satumba 2024, wayoyinsa na Pixel suka samu ranar 15 ga Oktoba. A 'yan shekarun da suka gabaci wannan, manyan wayoyin Samsung kan samu sabuwar Android kafin shekara ta ƙare. Wannan karon Samsung ya sake wa One UI fasali sosai, aikin ya ja. Sai ranar 5 ga Disamba aka buɗe gwajin jama'a, kuma a ƙasashe shida kawai: Jamus, Indiya, Koriya ta Kudu, Poland, Birtaniya da Amurka. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya, kamar yadda aka saba.

A watan Janairu 2025 aka ƙaddamar da Galaxy S25 da One UI 7 a kanta, masu S24 kuwa suna ta jira. Ranar 7 ga Afrilu aka fara sakar musu a Koriya, ranar 10 ga wata ta isa Turai da Amurka. Ba a yi mako guda ba Samsung ya dakatar da ita gaba ɗaya, bayan rahotanni daga Koriya cewa wasu sun kasa buɗe wayoyinsu. Bayan 'yan kwanaki aka gyara aka ci gaba. Jerin S23 ya biyo baya wajen ƙarshen Afrilu, wayoyin jerin A da yawa kuma sai a Mayu da Yuni. A ranar 10 ga Yuni kuwa Google ya saki Android 16. Wato wasu suna karɓar ta 15 a daidai lokacin da ta 16 ta fito.

Jinkirin wata shida daga Pixel zuwa S24 ya yi yawa ga wayar da aka saya da tsada haka, kuma masu ƙorafi suna da gaskiya. Amma wancan dakatarwar ta nuna amfanin saki kaɗan-kaɗan. Wanda ke yankin da ba a kai ga buɗewa ba, gyararriyar ya samu, bai taɓa ganin matsalar ba.

Wayata 'yar Amurka ce, ta fi shekara ba ta samu komai ba. Ta lalace ne?

Wannan ita ce matsalar da ta fi shafar mu, kuma ta fi jinkirin makonni muni nesa ba kusa ba. Wayoyin da aka riga aka yi amfani da su, da ke cika Farm Centre a Kano da Computer Village a Ikeja, waɗanda ake ce wa 'yan Landan, da yawansu ba su taɓa ganin Landan ba. Daga Amurka suke, an cire musu makullin layi aka kawo. Cire makullin yana ba ka damar sa kowane sim, amma bai canja manhajar kamfanin da ke kan wayar ba.

Wayoyin AT&T su suka fi suna a nan, domin ta hannun kamfanin ake tura musu sabuntawa, kuma galibi sai wayar tana ɗauke da layinsu. Idan ta bar Amurka sai ta tsaya cak a kan manhajar da ta zo da ita. Za ta yi kira, za ta yi WhatsApp, komai lafiya a ido, amma gyaran tsaro ya daina shiga. Alamar farko ita ce tambarin kamfanin da ke fitowa idan an kunna waya, ta biyu kuma ATT a lambar yanki.

Kafin ka yanke hukunci, ka duba wani abu: wataƙila wa'adin wayar ne ya ƙare. Galaxy S20 ta tsaya a Android 13, S10 a Android 12. Irin waɗannan ko a Seoul suke ba za su ƙara samun sabuwar Android ba.

Me ya sa masu iPhone ba su da wannan damuwar?

Apple ke ƙera wayar, shi ke tsara ƙwaƙwalwarta, shi ke rubuta manhajar, kuma tun iPhone ta farko a 2007 bai bar kamfanonin sadarwa su sa hannu a manhajarsa ba. Wayoyinsa ma 'yan kaɗan ne idan aka kwatanta da na Samsung, wanda ke fitar da samfura da dama kowace shekara. Don haka iOS 18 ta fita ranar 16 ga Satumba 2024 ga kowa a lokaci guda.

Idan na sa VPN, ko na canja sim, ko na yi ta danna maɓallin dubawa, za ta zo da wuri?

VPN ba ya canja lambar yanki, don haka ɓata data ne. Danna Download and install sau ɗaya a rana ba laifi, domin wani lokaci sabuntawar ta iso amma sanarwa ba ta fito ba. Dannawa sau hamsin ba ya ƙara komai. Canja sim daga MTN zuwa Airtel ma haka.

Abin da ya cancanci gwadawa shi ne Smart Switch, manhajar Samsung ta kwamfuta. Ka haɗa wayar da kebul, idan akwai sabuntawar da aka buɗe wa wayarka za ta nuna. Sannan ka tabbata akwai wuri a wayar da isasshen caji. One UI 7 ta S24 ta kai kusan gigabait 5, saboda haka a nemi Wi-Fi ko a tanadi data ta musamman, kada a fara a bar ta a rabi.

Mai gyaran waya ya ce zai yi min filashin. In yarda?

Ya danganta da wayar da kuma mai gyaran. Filashin shi ne a sauke manhajar Samsung ta asali a kwamfuta, a zuba ta a waya da wata manhaja mai suna Odin. Ga wayar AT&T da ta maƙale, wannan ita ce mafita ta gaskiya. Manhajar U da ta U1 suna shiga wa juna tunda injin ɗaya ne, kuma da yawa kan mayar da wayar U zuwa U1 don ta rabu da manhajojin kamfanin. Ga wanda wayarsa ke samun sabuntawa, mako biyu ko uku kawai ya kasa jira, ba na ba da shawara. Ribar ba ta kai kasadar ba.

Idan za a yi, ka tsaya a kan waɗannan. Manhajar ta zama ta samfurinka, domin ta B ba ta hawa kan U, kuma mai gyaran da ya ce zai mayar maka da 'yar Amurka ta koma ta duniya baki ɗaya, ka karɓi wayarka ka tafi. Ka kwashe hotuna da lambobinka tukuna. A cikin fayilolin akwai guda biyu masu kama da juna, CSC da HOME_CSC. Na farko yana goge komai, na biyu yana barin kayanka. Ka tabbata kana tuna adireshin Gmail ɗinka da kalmar sirrinsa, domin bayan gogewa wayar za ta nema, kuma mutane da yawa a nan wani ne ya buɗe musu asusun ba su riƙe komai ba.

Sai batun komawa baya. Idan sabuwar manhajar ta ɗaga lambar matakin kunna waya, wato alama ta biyar daga ƙarshen lambar manhaja da ke Software information, ba a iya dawowa tsohuwar ko ba ka ji daɗin sabuwar ba. Kuma kada a zuba maka manhajar da ba ta Samsung ba. Yin haka yana ƙona alamar Knox, tsarin tsaron Samsung, har abada, Secure Folder, wurin ɓoye kayanka na sirri, ya daina aiki, wasu manhajojin banki ma su ƙi buɗewa.

Jinkirin yana da haɗari ne?

A bambance abu biyu. Sabuwar Android da One UI ado ne da ƙarin abubuwan amfani. Ko ka jira wata uku ba abin da zai same ka. Gyaran tsaro shi ne mai muhimmanci, tunda a wayar nan kuɗinka suke. Tun 2015, bayan gano ɓarakar Stagefright wadda ta nuna ana iya kutsawa cikin waya ta saƙon MMS kawai, Google ke fitar da gyaran tsaro duk wata.

A Software information za ka ga Android security patch level da kwanan wata. Idan wata ɗaya zuwa uku ne a baya, ba komai, musamman ga wayoyin jerin A da Samsung ke sabuntawa duk wata uku. Idan ya haura shekara kuma kana hulɗar banki a wayar, ka ɗauki mataki. A wurin dai akwai Google Play system update, wanda daga Google yake zuwa, ba ruwansa da lambar yanki. Ka taɓa shi ka sabunta.

Ana iya karanta shekarun manhaja a lambarta ma. Alamomi uku na ƙarshe su ne shekara da wata da zubi. W ita ce 2023, X 2024, Y 2025. A ita ce Janairu, haka har L Disamba. Idan ka ga YD kafin alamar ƙarshe, a Afrilu 2025 aka haɗa ta.

Alƙawarin shekara bakwai da Samsung ya yi fa?

Gaskiya ne, ya yi wa jerin S24 alƙawarin shekara 7 na sabuwar Android da gyaran tsaro, kamar yadda Google ya yi wa Pixel 8. Galaxy A16 shekara 6 aka ba ta, A15 da A55 kuma Android huɗu da tsaro na shekara 5. Amma alƙawarin na tsawon lokaci ne, babu maganar sauri a cikinsa. Kuma lissafin yana farawa daga fitowar samfurin, ba daga ranar da ka saya ba. Wanda ya sayi S24 ta hannu a 2027 ya riga ya rasa shekara uku.

Tarayyar Turai ce ta fara taɓo batun sauri. Dokarta da ta fara aiki ranar 20 ga Yuni 2025 ta wajabta sabuntawa na aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfuri, ta kuma sa wa'adin watannin da za a isar da ita. Wayoyin da aka shigar kasuwar Turai daga lokacin ta shafa.

Masu Tecno da Infinix da Redmi fa?

Tsarin kusan ɗaya ne. Xiaomi yana raba manhajar Redmi zuwa ta Sin, ta duniya, ta Turai, ta Indiya da sauransu, kowace da ranarta. Wadda aka yi wa Sin kuma ba ta zuwa da manhajojin Google, shi ya sa wasu 'yan kasuwa ke zuba mata wata manhajar kafin su sayar, daga nan sabuntawa ta rikice. Tecno da Infinix da itel duk na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen. Tunda Afirka ce babbar kasuwarsu, matsalar yanki ba ta cika damun masu su ba. Tasu damuwar ita ce ƙananan samfuran ba kasafai ake ba su sabuwar Android mai yawa ba.

Zan sayi waya. Me zan duba don kada in faɗa wannan matsalar?

Kafin ka biya, karɓi wayar ka buɗe About phone da kanka. Idan Samsung ce, wadda ta ƙare da B ko F ko E ta fi kwanciyar hankali a nan. Lambar yankinta ta zama ta Najeriya ko Dubai ko Turai, duk za su samu sabuntawa, bambancin kwanaki ne ko makonni. Idan 'yar Amurka ce saboda ta fi sauƙin kuɗi, U1 ta fi U. Ka kuma lura yawancin 'yan Amurka ramin sim ɗaya gare su, na biyun eSIM ne, wato sim marar kati da ake saukewa a cikin wayar.

Duba kwanan watan gyaran tsaro. Sannan ka roƙi mai shagon ya haɗa ta da intanet, ka danna Software update a gabansa. Idan kwanan watan tsoho ne amma ta fara sauke sabuwa, a ajiye kawai take, lafiyarta ƙalau. Idan tsoho ne kuma ta ce babu sabon abu, ko dai ta maƙale ko wa'adinta ya ƙare. Sai a rage maka kuɗin filashin, ko ka ce a ɗauko wata.